Yadda Ake Zaɓen Akwatin Wuta da Kes Idan Za a Haɗa Kwamfutar Tebur a Kaduna

Mafi yawan masu haɗa kwamfutar tebur da kansu a Kaduna, ko ɗalibin zanen gine-gine ne a Kadpoly, ko mai tace bidiyon bukukuwa, ko mai shagon ɗab'i da ke tsara kalanda da katin gayyata, suna fara lissafinsu ne da furosesa da katin hoto da RAM, sai ɗan abin da ya rage a aljihu a sayi akwatin wuta da kes da shi. A ganina wannan tsarin ya kamata a juya shi, domin abubuwa biyu ne suka fi kashe kwamfuta a garin nan: wutar lantarki marar tabbas, da kuma ƙura haɗe da zafi. Akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa fak, shi ne ke fara karɓar duk abin da ya fito daga soket, kes kuwa shi ne ke tsakanin kayan ciki da iskar ɗaki. Idan waɗannan biyun suka gaza, tsadar sauran kayan ba za ta cece su ba, shi ya sa ya dace a ware kuɗinsu tun kafin a fara cinikin furosesa.

Aikin akwatin wuta shi ne ya karɓi wutar gida, wadda a ƙa'ida bolt 230 ce a Najeriya, ya mayar da ita ƙananan layuka na bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3 waɗanda kayan cikin kwamfuta ke amfani da su. A kwamfutocin yanzu kusan duk nauyin yana kan layin bolt 12, saboda daga nan furosesa da katin hoto da fankoki suke sha. Wannan ne mabuɗin karanta takardar da aka manna a gefen kowane akwatin wuta, kuma duk wanda ya iya karanta ta ya riga ya tsallake yawancin tarkon kasuwa.

Ga yadda ake yi. Ka ƙyale babbar lambar da aka buga a jikin kwali, ka juya akwatin ka nemi jadawalin da ke gefensa, inda aka rubuta +12V da adadin amfiya a ƙarƙashinsa, sannan ka ninka amfiyar sau 12. Akwati na kirki mai wat 550 za ka tarar an rubuta masa amfiya 45 ko kusa da haka, wato wat 540, kusan duk ƙarfin da aka yi alkawari. Irin wanda ke zuwa a ɗaure cikin kes mai araha kuwa, sai ka ga an rubuta 500W da manyan baƙaƙe, amma layin bolt 12 ɗinsa amfiya 18 ne kacal, wato wat 216, sauran lambar an cike ta da layukan bolt 5 da 3.3 waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika damuwa da su ba. Irin wannan yana iya riƙe kwamfutar buga takardu, amma ranar da aka ɗora masa katin hoto, ko dai ya riƙa kashe kwamfutar a tsakiyar aiki, ko ya ƙone ya tafi da wani abu. Idan babu jadawalin gaba ɗaya, ko an rubuta shi a dagule ba a ware layukan ba, ka ajiye shi ka nemi wani.

Kafin ka je kasuwa, ka san wat nawa kwamfutarka ke bukata. Lissafin ba shi da wuya, domin kamfanonin da ke ƙera kayan suna bayyana abin da kowanne ke ci. Ɗauki misalin wanda zai haɗa Core i5-12400 da katin RTX 3060. Intel ta ce furosesar tana cin wat 65 a aikin yau da kullum, tana kuma iya kaiwa wat 117 idan aka matsa mata, kuma babbar lambar ce za ka ɗauka. Katin yana cin wat 170. Madabod, wato babban allon da ake jona sauran kayan a jikinsa, da RAM da faifan ajiya na SSD da fankoki uku ko huɗu, a ware musu wat 60 a haɗe. Jimla ta kama wat 347. Sai ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, saboda katin hoto yakan fizgi wuta fiye da ƙa'idarsa na ɗan ƙiftawar ido, kuma akwati yana raguwa da ƙarfi idan ya tsufa ko ya yi zafi. Hakan ya kai ka wajen wat 460, ka ga ke nan mai wat 550 ya wadatar, kuma shi ne adadin da Nvidia da kanta ta ba da shawara a kan wannan katin. Kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, irin ta ofis ko ta cibiyar jarrabawa, akwati mai kyau na wat 400 zuwa 450 ya ishe ta har da ragi. Wanda ya sayi RTX 4070 mai cin wat 200 ya nemi wat 650, mai RTX 4090 da ke cin wat 450 kuma kada ya sauka ƙasa da wat 850. Sayen mai wat 1000 don kwamfutar da ba ta wuce wat 350 ba ba ya cutar da ita, tun da iyakar abin da take bukata za ta ja, sai dai kuɗin da ya tafi a kan ƙarfin da ba za a taɓa amfani da shi ba ya fi amfani a kan inganci.

Daga nan sai abin da ya fi shafar mu a nan Kaduna, wato irin wutar da akwatin zai iya karɓa. A unguwannin da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje masu yawa, ƙarfin wuta yakan faɗi ƙasa da bolt 200 da yamma idan kowa ya kunna kayansa, har ka ga ƙwai ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar. Ka duba wurin da aka rubuta AC INPUT a jikin takardar. Idan ka ga 100-240V, to akwatin yana aiki a ko'ina tsakanin waɗannan lambobi biyu ba tare da an taɓa komai ba, kuma wutar da ta sauka zuwa bolt 170 ba za ta kashe shi ba. Yawancin irin waɗannan suna ɗauke da rubutun Active PFC a kwalinsu. Akwai kuma waɗanda aka rubuta wa 200-240V kawai, an yi su ne don ƙasashen da wutarsu ke zaune daram, kuma sun fi araha, amma a gidan da wuta ke yawan sauka za su riƙa mutuwa suna tashi. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu bai kai wahalar da zai jawo ba.

Wani haɗari na musamman yana tare da tsofaffin akwatunan tokumbo, musamman waɗanda suka fito daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce. A bayansu akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗaya gefen. Idan yana kan 115 aka jona shi a soket ɗinmu, nan take zai yi ƙara ya fitar da hayaƙi. Ka duba shi da idonka kafin a jona, ko da mai shago ya ce an riga an juya. Kasancewar makunnin ma kansa alama ce ta tsohon ƙira, don haka ba na ba da shawarar a saka irinsa a sabuwar kwamfuta.

Bayan haka ka nemi kariyar da aka gina a cikinsa. Akwati mai mutunci yana kashe kansa idan wani abu ya saɓa, maimakon ya tura matsalar cikin madabod. Ana rubuta waɗannan kariya da gajerun haruffa a kwali ko a littafin da ke ciki: OVP da UVP idan wutar da yake fitarwa ta haura ko ta sauka fiye da kima, OCP da OPP idan an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, SCP idan wayoyi sun haɗu, sai OTP idan ya yi zafi sosai. Na ƙarshen nan shi ne kamfanoni suka fi cirewa don rage farashi, alhali shi muka fi bukata. A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna yana wuce digiri 35, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba kuma ya fi haka, cikin kes ya ɗara na ɗakin. Saboda haka ka duba a wane zafi aka auna ƙarfin akwatin. Wasu an auna su a digiri 30, wasu 40, mafi inganci a digiri 50. Wanda aka auna a digiri 30 ba lallai ne ya ba da cikakken ƙarfinsa ba a rana tsaka ta bazara. Haka nan idan an rubuta cewa kafasitocinsa, wato 'yan kayan da ke tara wuta a cikinsa, masu jure digiri 105 ne, sun fi masu 85 daɗewa a zafi, kuma na kamfanonin Japan irin su Nippon Chemi-Con da Rubycon da Nichicon sun yi suna a wannan fanni.

Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, yana nuna yawan wutar da ke isa ga kwamfuta daga cikin abin da akwatin ya ja a soket, sauran kuwa zafi yake zama. Matakinsa na farko kashi 80 cikin ɗari ne, Bronze yana kaiwa 85 a rabin nauyi, Gold kuma 90, bisa gwajin da ake yi a bolt 115, a wutarmu ta 230 suna ɗan ɗara haka. A takarda bambancin kamar ba shi da yawa, amma mu lissafa. Kwamfutar da ke bukatar wat 350 za ta ja kimanin wat 437 a soket ta akwati mai kashi 80, ta ja kimanin wat 389 ta mai kashi 90. Ratar wat 48 ce, kuma duk zafi ce da ake zubawa cikin ɗakin da dama yana da zafi. Ga mai aiki da sola da inbata, idan kwamfutar ta yi awa takwas tana aiki mai nauyi, wannan rata ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya dace a zuƙa daga batirin bolt 12 mai amfiya 200 na gubar dalma, wanda ba a son a wuce rabinsa. Wanda ke biyan kuɗin man janareta ma zai ji a jikinsa. Sai dai a sani cewa tambarin bai auna ƙarko ko kariya ba, iyakar tattalin wuta ya auna, kuma ana buga na jabu. Jerin akwatunan da suka ci gwajin yana nan a intanet a shafin masu ba da tambarin, kuma minti biyu ya isa ka nemi lambar samfurin a wayarka kana tsaye a shago.

Game da suna, Seasonic da Corsair da Cooler Master da FSP da be quiet! da Super Flower duk sanannu ne, amma suna kaɗai ba ya wadatarwa, domin kamfani ɗaya yakan fitar da mai kyau da mai rauni, kuma da dama daga cikin masu sayarwa wasu masana'antu ne ke ƙera musu. Lambar samfurin za ka bincika. Tsawon garantin da kamfani ya bayar ma ma'auni ne mai kyau: wanda ya ba da shekara biyar ko bakwai ko goma ya yarda da kayansa. Gaskiya ne cewa mayar da kaya ga kamfani daga Kaduna abu ne mai wuya, don haka garantin da zai amfane ka shi ne wanda mai shago ya rubuta da hannunsa a rasit, tare da lambar da ke jikin akwatin. Nauyi ma yana faɗin wani abu, tun da akwati mai cike da kayan kirki yana da nauyi a hannu, ko da yake an sha samun na jabu da aka cusa wa ƙarfe don ya yi nauyi. Akwatin wuta na hannu kuwa, shi ne abu ɗaya a cikin kwamfuta da nake ganin bai kamata a saya ba sai dole, saboda kafasitoci suna bushewa da shekaru, kuma ba a ganin hakan daga waje.

Wayoyin da ke fitowa daga akwatin dole ne su dace da kayanka. Babbar mai fil 24 ta madabod ce, mai fil 8 da ke rabuwa huɗu-huɗu ta furosesa ce, mai fil 8 da ke rabuwa shida da biyu ta katin hoto ce, kuma ko da yake biyun ƙarshe sun yi kama, ba a musanya su. Ramin da ake soka katin hoto a madabod yana ba da wat 75, waya mai fil 6 tana ƙara wat 75, mai fil 8 tana ƙara 150. Ka ƙirga ramukan wuta da ke jikin katinka ka tabbatar akwatin yana da adadinsu, kuma idan kati mai cin wuta ne da ramuka biyu, kowanne a ba shi wayarsa daban maimakon waya ɗaya mai rassa biyu. Ka guji 'yan wayoyin nan da ake sayarwa masu mayar da bakin SATA, wato na faifan ajiya, ya zama na katin hoto, domin bakin SATA wat 54 kawai aka yi shi ya ɗauka a layin bolt 12, kuma narkewa yake yi idan aka wuce haka. Idan akwati ba shi da wayar katin hoto tun asali, yana gaya maka ne cewa ba a yi shi don wannan aikin ba. Manyan katunan Nvidia na baya-bayan nan suna amfani da sabon baki mai fil 16 da ke iya ɗaukar wat 600, wanda ya zo da ƙa'idar ATX 3.0 a 2022 aka kuma gyara shi a ATX 3.1 bayan rahotannin narkewa. Mai irin wannan kati ya sayi akwatin da ya zo da wayar, ya tura ta har ta shige gaba ɗaya, kada kuma ya lanƙwasa ta daf da bakin. Akwatunan da ake cire wa wayoyi suna sauƙaƙa aiki da tsafta, amma kada ka taɓa saka wayar wani akwati a jikin wani, ko da bakin ya shiga, saboda jerin filolin a ɓangaren akwati ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ƙone faifan ajiya da duk abin da ke cikinsa.

Idan ka isa shago, a titin Ahmadu Bello ne ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka nemi a gwada a gabanka. Mai shago zai iya cewa, "Haba yallaɓai, sabo ne dal a leda," kai kuma ka amsa masa da ladabi, "Na yarda, Alhaji, amma gani ya kori ji." Ana gwajin ne ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa a babban baki mai fil 24, sai akwatin ya tashi. A sa mitar awon wuta a kan waya mai ruwan ɗorawa da baƙa, ya kamata a ga tsakanin bolt 11.4 da 12.6, ja da baƙa kuma tsakanin 4.75 da 5.25. A akwatunan da wayoyinsu duk baƙaƙe ne, a bar mai gyara ya bi zanen da ke littafin. Wasu sababbi ba sa juya fankarsu sai nauyi ya hau, don haka shirun fanka ba lalacewa ba ne. Wannan gwaji yana nuna cewa akwatin yana da rai ne kawai, gwaji na gaske sai an haɗa kwamfutar an ba ta aiki mai nauyi na awa ɗaya ko biyu, don haka ka yi hakan tun kwanakin da mai shago ya ba ka ba su ƙare ba. Kome ya faru, kada ka kwance akwatin wuta, saboda babbar kafasitarsa tana riƙe wuta ta kusan bolt 400, kuma tana iya ci gaba da riƙe ta bayan an zare fulogi.

Ko mafi ingancin akwati ba ya maye gurbin UPS, wato na'urar batiri da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, tun da abin da yake iya riƙewa idan an ɗauke wuta bai kai kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba. Abin lura shi ne lambar VA da ake rubuta wa UPS ba wat ba ce. Ƙaramin nan mai 650VA da ya cika kasuwa wat 360 zuwa 390 yake bayarwa, ka ga kwamfutar misalinmu da allonta sun fi ƙarfinsa, sai a nemi mai 1000VA zuwa 1500VA. Akwatuna masu Active PFC sun fi jituwa da UPS ko inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa Pure Sine Wave, wasunsu kuwa sukan yi ƙugi ko su mutu a kan masu araha daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Sannan a sa mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin yana da wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. Idan kana taɓa ƙarfen kes kana jin yana ɗan tsikarinka, alamar babu ita ke nan, kuma ba tare da ita ba na'urar kare kaya daga hauhawar wuta ba ta yin cikakken aikinta. Da damina, idan hadari ya haɗo da tsawa, zare fulogi daga bango shi ne kariyar da ta fi kowacce.

Zaɓen kes ya fi sauƙi, amma yana bukatar tef ɗin awo. Madabod iri uku ne aka fi samu: ATX mai milimita 305 da 244, microATX mai 244 da 244, sai Mini-ITX mai 170 da 170. Babban kes yana ɗaukar ƙaramin madabod, ƙarami ba ya ɗaukar babba. Ga yawancin mutane matsakaicin kes na ATX shi ne daidai, domin yana da sararin iska da na hannu, kuma yana karɓar akwatin wuta na yau da kullum mai faɗin milimita 150 da tsayin 86. Ƙananan kes suna da kyan gani, amma da yawansu suna bukatar ƙaramin akwati na SFX, wanda ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu ranar da ya lalace. Lambobi uku za ka kwatanta kafin ka biya: tsawon katin hotonka da sararin da kes ya bari, tun da katuna masu fanka uku sukan wuce milimita 300, tsayin abin sanyaya furosesa, wanda dogayensa ke kaiwa milimita 155 zuwa 165, don kada murfin gefe ya ƙi rufuwa, sai zurfin akwatin wuta, wanda ke farawa daga milimita 140 ya kai 180 a manya. Ka kuma duba ko madabod ɗinka yana da wurin jona bakin USB-C na gaban kes, idan ba haka ba bakin zai zauna a banza. Wanda ke tunanin amfani da tsohon kes na Dell OptiPlex ko HP na ofis ya sani cewa da yawansu siffar madabod da akwatin wutarsu da bakin wayoyinsu na kamfanin ne kaɗai, kayan kasuwa ba sa zama a ciki.

Abin da ya fi muhimmanci a kes a garin nan shi ne yadda iska ke ratsa shi. Kes ɗin da aka rufe gabansa da gilashi, fankoki masu fitilu kala-kala suna haskawa a bayansa, kyan ɗan maciji ne da shi, domin fankokin suna manne da gilashi, sai ta wasu 'yan tsaguna a gefe suke samun iska. Ka nemi mai raga a gaba, wanda za ka sa tafin hannu ka ji iska tana shiga. Tsarin da ya dace shi ne fankoki biyu ko uku masu milimita 120 ko 140 a gaba suna shigar da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Hikimar sa masu shigarwa su fi masu fitarwa yawa ita ce iskar cikin kes ta riƙa turowa waje ta kowace kafa, maimakon ta riƙa zuƙo ƙura ta ramukan da ba su da matata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari, wannan ɗan bambanci shi ne ke raba kwamfuta mai tsafta da wadda aka buɗe aka tarar ƙura ta yi kirtani a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya furosesa, ta daskare a fukafukan fanka har launinsu ya koma ruwan ƙasa.

Saboda haka ka duba ragar tace ƙura da kyau, kuma ka gwada cire ta a shago. Ana son ta kasance a gaba da ƙasa da sama, kuma ta zaru da hannu ba sai an kwance noti ba, domin ragar da ke da wuyar cirewa ba wanda zai riƙa wanke ta. Da hunturu a zare ta duk mako biyu a kakkaɓe, ko a wanke a bari ta bushe sarai, cikin kes kuma a hure shi da bulowa duk wata biyu ko uku, ana riƙe fankoki da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Iskar hunturu busasshiya ce, jiki yana tara wutar nan da ke tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, don haka ka taɓa ƙarfen kes kafin ka kai hannu kan RAM ko katin hoto. Ramukan baya da ba a saka kati a ciki ba a bar su a rufe, saboda kyankyasai suna son ɗumi.

Kes na zamani yana ajiye akwatin wuta a ƙasa, fankarsa tana kallon ƙasa tana jan iskar waje ta cikin raga, wanda hakan ya fi tsohon tsari da ke rataye shi a sama yana shaƙar zafin furosesa. Amma wannan yana aiki ne idan ƙasan a buɗe yake. Idan ka ajiye kes a kan kafet ko darduma, ka toshe masa numfashi, kuma dandariyar ƙasa ce wurin da ƙura ta fi taruwa. A ɗora shi a kan tebur ko benci, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Idan kes ɗin ba shi da huda a ƙasa, sai a juya fankar akwatin ta kalli sama.

Ka danna ƙarfen gefe da babban yatsa. Idan yana lotsawa kamar gwangwani, zai riƙa karkarwa yana ƙara, kuma bakunansa sukan yanke hannu. Ka tabbatar an haɗo maka ledar notuna da 'yan ginshiƙan tagulla da ke ɗaga madabod daga jikin ƙarfe, kuma a ɗaura su a daidai ramukan madabod kaɗai, saboda ɗaya da ya zauna inda babu rami yana iya haɗa wuta ta ƙasa. Murfin gefe na gilashi ba shi da laifi muddin gaban raga ne, sai dai kada a ajiye shi a kan tayil, domin taɓawa ɗaya da gefensa tana iya tarwatsa shi. Mai yin odar kes daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya nemi a aiko shi cikin kwalinsa na asali da soson da ke tare kusurwoyinsa, ya kuma buɗe ya duba gilashi da ƙafafu a tasha kafin ya sa hannu. Idan kes ɗin ya zo da akwatin wuta a ɗaure, ka nemi a cire shi a rage maka kuɗinsa, idan kuma mai shago ya ƙi, ka karanta jadawalin bolt 12 ɗinsa kamar yadda aka bayyana a sama kafin ka yanke shawarar jona shi da madabod ɗinka.